Daga Rumbu Zuwa Kujera: Manomi Ɗan Siyasa a Arewacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Abin da muke so mu duba a wannan takarda shi ne hanyar da manomin ƙauye yake bi har ya riƙe muƙamin siyasa a jiha, da kuma abin da muƙamin yake yi wa nomansa. Mun taƙaita bayaninmu a kan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, domin ƙasashen nan uku ruwa ɗaya suke sha, watau gulaben Gagare da Bunsuru, kuma su da Birnin Magaji ne suke zaɓen sanata guda. Ra'ayinmu shi ne, rumbu ne yake fara tara wa mutum jama'a a wannan yanki, amma da zarar ya hau kujera sai rabon taki da rabon fili su gaje matsayin rumbun.

2.0 Yadda rumbu yake tara jama'a

Babban manomi a ƙauye ba a gane shi da faɗin gona kawai. Ana gane shi ne a tsakiyar damina, lokacin da hatsin bara ya ƙare a gidaje, na bana kuma bai nuna ba. A lokacin nan wanda yake da sauran dammuna a rumbu shi ake zuwa wa. Wani ya ranci dami ya biya da kaka, wani ya yi masa ƙwadago a biya shi da gero, wani kuwa a ba shi kyauta saboda zumunci. In ya kira gayya, yawan waɗanda suka amsa shi ne ma'aunin girmansa. To, duk wanda ya iya tara mutane a gona ranar gayya, ai ba zai kasa tara su ranar zaɓe ba, kuma jam'iyyu sun daɗe da fahimtar haka.

Zuwan jirgin ƙasa ya ƙara wa irin wannan mutum wani ƙarfi. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura Namoda, nan kuma ya tsaya. Gyaɗa da auduga da fatu na ƙauyukan Zurmi da Shinkafi suka riƙa gangarowa tasha, sai manomi mai hali ya zama mai saye wa kanti, yana ba da kuɗi tun amfani bai nuna ba, yana karɓa da kaka. Watau ya haɗa noma da fatauci da ba da bashi a hannu ɗaya. Kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis, wadda 'yan Nijar ma suke halarta, ita ma makaranta ce ta wannan sana'a.

Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya wannan ciniki. Amma a daidai lokacin ne gwamnati ta shigo da takin zamani mai rangwame, ta hanyar aikin gona na Gusau da aka fara da taimakon Bankin Duniya, da kuma shirin ciyar da ƙasa na 1976. A shekarar 1976 ɗin aka yi wa ƙananan hukumomi gyara, suka gaji En'e, a 1978 kuma dokar mallakar ƙasa ta danƙa filaye a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin noma a karkara. Daga nan kujerar kansila ko ta ciyaman ta zama abin da manomi zai nema domin gonarsa ma, ba domin suna kaɗai ba.

3.0 Matakan hawa

Galibi ana farawa ne da shugabancin jam'iyya a mazaɓa, sai kansila, sai ciyaman ko ɗan majalisar jiha. Ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996 ya gajarta tafiyar ƙwarai, don kujeru 24 na majalisa da ƙananan hukumomi 14 sun dawo kusa da gida. Ba mu ce ita ce hanya ɗaya tak ba. Marigayi Umaru Shinkafi, Marafan Sakkwato, ta aikin ɗan sanda da shugabancin hukumar tsaro ta ƙasa ya bi, har ya yi takarar mataimakin shugaban ƙasa a 1999. Wannan hanyar boko ce, kuma Legas da Abuja ta nufa.

A siyasar jiha kuwa, ɗan yankin da ya fi kowa nisa shi ne Mamuda Aliyu Shinkafi. Ya yi mataimakin Gwamna Ahmad Sani Yarima daga 1999 zuwa 2007, sa'an nan ya gaje shi a ƙarƙashin ANPP. A 2009 ya koma PDP, a 2011 kuma Abdul'aziz Yari na ANPP ya kayar da shi yana kan mulki. A ganinmu abin lura a nan shi ne, gwamna yana iya sauya jam'iyya a rana ɗaya, amma shugabannin mazaɓu na ƙauyuka, waɗanda da yawansu manoma ne da 'yan kasuwar hatsi, ba sa tashi da shi haka nan. Su suka san wanda aka ba buhu da wanda aka hana, su kuma ake tambaya in taki ya makara har aka gama noman farko.

4.0 Fili

A nan ne maganar ta fi nauyi. Taki in an raba shi ba daidai ba, asarar damina ɗaya ce. Fili kuwa in an yanka, ya yanku. A ƙasar Zurmi akwai Dajin Zamfara, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, makiyaya suna kiwo a ciki, da 'yan ƙauyukan noma kamar Dumburum a tsakiyarsa. Da jama'a suka ƙaru, kuma mai kujera ya sami ikon sa hannu, sai gonaki suka riƙa cin daji da burtali da mashaya. Ba ma cewa wannan kaɗai ya haifi ta'addancin 'yan bindiga, domin akwai satar shanu, da shigowar makamai, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulani, da raunin shari'a. Amma wanda ya cire rabon fili daga lissafi bai yi wa tarihin adalci ba.

Abin ya komo kan tushen da ya ɗaga manomi ɗan siyasa tun farko. A ƙauyuka da yawa na Shinkafi da Zurmi an kai ga sai an biya 'yan bindiga kafin a yi shuka ko girbi, masu manyan rumbuna kuwa su aka fi nema domin kuɗin fansa, da yawa suka ƙaura zuwa Gusau da Ƙaura Namoda. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya a jihar, kasuwar Shinkafi ta yi makonni ba ta ci ba.