Daga kasuwar Matamaye zuwa jarrabawar MBA: Ƙa'idojin lissafin da ya kamata mai nema ya sake bita

Matamaye, hedikwatar gundumar Kantche a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, gari ne da ya zauna a kan hanyar fatauci. Titin da ya taso daga Damagaram ya ratsa ta cikinsa ya nufi Ɗan Barto, ya tsallaka iyaka zuwa Kongolam da Daura, har Kano. Yaron da ya taso a nan yakan iya lissafin kuɗi iri biyu tun kafin ya gama firamare. Ya san idan mai rake ya ce "dala ashirin" sefa 100 yake nufi, idan ya ce "ɗari" sefa 500 ne, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Ya kuma san yadda 'yan canji ke juya sefa zuwa naira ba tare da sun taɓa takarda ba.

Sai dai wannan basira ba ta isa ita kaɗai a ranar da matashin ya gama digirin farko a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko ta Abdou Moumouni a Yamai, ya kuma ɗaga kai yana neman digiri na biyu a fannin kasuwanci a wata ƙasa. A nan ne zai ci karo da jarrabawar tantancewa, wadda babban ɓangarenta lissafi ne na matakin sakandare, amma a cikin ƙurarren lokaci, kuma sau da yawa babu na'urar lissafi.

Jarrabawa biyu, ƙofa biyu

Ƙofar farko ita ce GMAT, wadda ƙungiyar GMAC ta Amurka ke shiryawa, kuma aka fara rubuta ta a 1954. Ana yin ta da Ingilishi, kuma manyan makarantun kasuwanci na Amurka da Ingila da Faransa, irin su INSEAD da HEC, suna karɓar sakamakonta. A watan Nuwamba na 2023 aka fito da sabon tsarinta, tsohon kuma ya daina aiki a ƙarshen Janairun 2024. Yanzu kashi uku ce, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, fahimtar rubutu mai tambaya 23, da nazarin alƙaluma mai tambaya 20. Maki yana farawa daga 205 zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki har shekara biyar. An cire lissafin siffofi, wato kusurwa da da'ira, daga sabon tsarin, saboda haka mai karatu da tsofaffin littattafai zai iya ɓata makonni a kan abin da ba za a tambaye shi ba.

Ƙofa ta biyu ita ce TAGE MAGE, wadda gidauniyar FNEGE ta Faransa ke shiryawa da Faransanci. Tambaya 90 ce cikin awa biyu, an raba ta kashi shida, kowanne tambaya 15, ana kuma bayar da maki bisa 600. Ita ta fi kusa da ɗalibin Nijar saboda harshe. Akwai kuma makarantun yankin, kamar CESAG da ke Dakar a ƙarƙashin kulawar babban bankin BCEAO, da makarantar kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero ta Kano, waɗanda ke da nasu sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai, amma karatunsu a kan waɗannan ƙa'idoji ya ginu.

Faɗuwa tana da tsada. A Amurka kuɗin GMAT dalar Amurka 275 ne a cibiya, 300 ta intanet, farashin kuma yana ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Wannan ya haura jaka 150, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne a wata tun farkon 2024. Zama ɗaya ke nan ya cinye fiye da albashin wata uku, ban da kuɗin mota da masauki ga wanda zai je cibiya a Abuja ko Legas, ko tanadin wuta da intanet mai ƙarfi ga wanda zai rubuta a gida.

Kashi cikin ɗari: inda aka fi tuntuɓe

Ƙa'idar gajera ce: a raba bambanci da farashin farko, ba na ƙarshe ba. Idan buhun gero ya tashi daga sefa 20,000 zuwa 25,000, ƙarin 5,000 ne a kan 20,000, wato kashi 25 cikin 100. Idan kaka ta yi ya sauko daga 25,000 zuwa 20,000, ragin 5,000 ne a kan 25,000, wato kashi 20 kacal. Kuɗin ɗaya ne, amma tushen ya sauya.

Daga nan tarko na biyu ke fitowa. Kayan sefa 100 da aka ƙara wa kashi 20 sun zama 120. Idan aka rage musu kashi 20, 96 za su koma, ba 100 ba. Hanyar da ta fi sauri ita ce ninkawa: 1.2 sau 0.8 ya ba da 0.96, an yi asarar kashi 4. Haka yake a wajen canji. Idan nairar da ake bayarwa a kan jaka ɗaya ta ninka, darajar naira rabi ta faɗi, wato kashi 50, domin kuɗi ba zai rasa kashi 100 na darajarsa ya kuma ci gaba da sayen komai ba.

Riba ma fuska biyu gare ta. Wanda ya saro kaya 8,000 ya sayar 10,000 ya ci ribar kashi 25 a kan uwar kuɗi, amma kashi 20 ne na kuɗin da ya sayar. Masu shirya tambaya sukan sa amsoshin biyu a cikin zaɓi, suna jiran wanda bai karanta da kyau ba.

Rabo da kuɗin ruwa

Idan mutum uku suka haɗa jari bisa kaso 2 da 3 da 5, suka sami ribar sefa 150,000, sai a tara kason ya zama 10, a raba ribar da shi, kowane kaso ya tashi 15,000. Na farko ya ɗauki 30,000, na biyu 45,000, na uku 75,000. Wanda ya zauna gaban malami ya koyi rabon gado, da rabi da rubu'i da sumuni da sudusi, ya riga ya yi aikin da ya fi wannan wuya. Haka zakkar kuɗi, ɗaya cikin 40, ita ce kashi 2.5 cikin 100. Yana da amfani a haddace irin wannan juyi: ɗaya cikin 8 kashi 12.5 ne, ɗaya cikin 6 kusan 16.7, ɗaya cikin 20 kashi 5.

Tambayoyin kuɗin ruwa iri biyu ne. A na sauƙi, sefa 100,000 a kan kashi 10 na shekara uku yana ƙaruwa da 10,000 duk shekara, ya zama 130,000. A mai hauhawa, ƙarin kowace shekara yana shiga cikin uwar kuɗi: 110,000, sai 121,000, sai 133,100. Wannan ƙa'ida ba ta banki kaɗai ba ce, da ita ake auna hauhawar farashi da ƙaruwar jama'a. Akwai gajeriyar hanya da ake kira ƙa'idar 72: a raba 72 da yawan ƙarin shekara, a sami kimanin shekarun da abu zai ninka. Ƙidayar 2012 ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 a shekara, wanda ke nufin ninkawa cikin kimanin shekara 18.

Gudu, aiki da matsakaici

Nisa shi ne gudu sau lokaci, kowa ya san wannan. Inda ake zamewa shi ne matsakaicin gudu. Direban da ya yi tafiyar kilomita 120 a kan gudun 60 a awa, ya dawo a kan 40, matsakaicinsa ba 50 ba ne. Zuwa ya ci awa biyu, dawowa awa uku, kilomita 240 ke nan cikin awa biyar, wato 48. Dalili shi ne ya fi daɗewa yana tafiya a hankali.

A tambayar aiki, abin da kowa ke yi a awa ɗaya ake tarawa. Idan injin ban-ruwa ɗaya yana shayar da gonar rake cikin awa shida, wani kuma cikin awa uku, a awa ɗaya na farko ya yi ɗaya cikin 6, na biyu ɗaya cikin 3. A haɗe rabin gonar ke nan, saboda haka awa biyu ta ishe su.

Matsakaici mai nauyi shi ma haka. Wanda ya sayi tiya 30 a kan sefa 500, da tiya 10 a kan 900, ya kashe 24,000 a kan tiya 40, kowace ta tsaya masa 600, ba 700 ba. Sannan a bambanta matsakaici da lambar tsakiya. A jerin 2, 3, 3, 4 da 38, matsakaici 10 ne, amma lambar da ke tsakiya 3 ce. Attajiri ɗaya a unguwa yana iya ɗaga matsakaicin samun kowa a takarda, ba tare da tukunyar kowa ta ƙaru ba.

Halin lambobi da tarkon harshe

Akwai ƙananan dokoki da ke rage aiki. Lamba tana rabuwa da 3 idan jimillar alƙalumanta ta rabu da 3, haka ma 9. A cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da 1, ba a lissafa 1, kuma 2 ce kaɗai a cikinsu da ke rabuwa biyu daidai. Jimillar lambobi daga 1 zuwa kowace lamba ita ce lambar sau wadda ke bin ta, a raba biyu: daga 1 zuwa 100, 5,050 ne. Ƙa'idar (a + b)(a − b) = a² − b² tana mayar da 51 sau 49 ya zama 2,500 a cire 1, wato 2,499. Idan x² ya zama 25, amsa biyu ce, 5 da −5. Idan kuma aka ninka ɓangarori biyu na "ya fi" ko "bai kai ba" da lambar da ke ƙasa da sifili, alamar juyawa take yi.

Ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci yana da ƙarin abin lura idan GMAT zai rubuta. A ajinsa 2,5 yake rubutawa da waƙafi, a Ingilishi kuwa 2.5 ne da ɗigo, waƙafin kuma dubbai yake rabawa. Kalmar biliyan a Ingilishi miliyan dubu ce, abin da Faransanci ke kira miliyar, alhali a Faransanci biliyan miliyan sau miliyan ce. Haka kuma a tsarin Faransa ana shigar da sifili cikin lambobin da ake kira "positif", amma a Ingilishi sifili ba ya cikinsu. Wannan ɗan bambanci ya isa ya sauya amsa. Kundin da hukumomin Nijar suka fitar a watan Maris na 2025, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, don haka sanin kalmomin lissafi a harsunan biyu ba asara ba ne.

Tambayar da ba ta neman amsa

Jarrabawar biyu suna da wani nau'in tambaya da ba a saba da shi a lise ba. Ba amsar ake nema ba, ana so ne a faɗi ko bayanan da aka bayar sun isa a samo ta. Misali, a tambayi kuɗin buhun shinkafa ɗaya. Bayani na farko ya ce buhu biyu na shinkafa da ɗaya na gero sun kama 70,000. Na biyu ya ce huɗu na shinkafa da biyu na gero sun kama 140,000. Mai gaggawa zai ga abu biyu da ba a sani ba da bayani biyu, ya ce sun isa. Amma na biyun ninkin na farko ne kawai, bai ƙara komai ba, don haka ko an haɗa su ba za a san farashin ba.

Lokaci shi ne alƙali

Tambaya 21 cikin minti 45 na nufin minti biyu da 'yan daƙiƙu ga kowace, kuma a wannan ɓangare na GMAT ba a yarda da na'urar lissafi ba, sai a ɓangaren nazarin alƙaluma. A TAGE MAGE daƙiƙa 80 ce ga kowace tambaya. GMAT kuma tana bin sawun mai rubutu: idan yana cin tambayoyi sai su ƙara tsauri, idan yana faɗuwa su sassauta, makin kuma ya bi. Sabon tsarin ya ba da damar komawa a gyara amsa uku a kowane ɓangare idan lokaci ya rage.

Saboda haka haddar ƙa'idoji mataki ne na farko kawai. Tsarin da ya fi amfani shi ne mutum ya fara da gwajin kansa da cikakkiyar jarrabawar gwaji, wadda GMAC ke bayar da guda biyu kyauta a shafinta, ya gano inda rauninsa yake. Daga nan ya rubuta ƙa'idojin a takarda ɗaya da hannunsa, kowace da misalinta, ya riƙa warware tambayoyi kullum da agogo a gabansa. Ya kuma ware littafi na kura-kurai, inda zai rubuta ko rashin sanin ƙa'ida ne ya kayar da shi, ko rashin karanta tambaya, ko gaggawa. Wanda ya yi bakaloriya a fannin adabi ya rabu da lissafi da daɗewa, zai buƙaci watanni fiye da wanda ya fito daga ajin kimiyya, amma littattafan kwaleji da na lise sun ƙunshi kusan duk abin da ake nema.

Abu na ƙarshe shi ne jeranta matakai. Tunda makarantu sun bambanta a jarrabawar da suke karɓa da makin da suke so, kamata ya yi mai nema ya fara tantance makarantar da ranar rufe karɓar takardunta, sannan ya zaɓi jarrabawa. Kuɗin rajista kuwa, kada ya biya sai makinsa na gwaji ya kai inda yake so sau biyu a jere.