Kalmar "Zafi" a Bakin Ɗalibin Kimiyyar Sinadarai: Daga Randar Dogon Daji zuwa Murhun Kalambaina

Ɗalibin da ya taso a Dogon Daji ta ƙaramar hukumar Tambuwal, ya samu gurbin karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da Turanci ake koyar da shi, amma da Hausa yake tunani. A darasin nazarin zafi da makamashi ne wannan yake fara yi masa tarnaƙi, domin kalmar "zafi" ta haɗe ma'anoni biyu da kimiyya ta raba tun aikin Joseph Black a ƙarni na 18: makamashin da ke ƙaura daga wani abu zuwa wani, da matakin da ma'auni ke nunawa.

Bambancin kuwa yana tsakar gidansu. Tukunya in ta tafasa, ko an ƙara itace, matakin ruwan ba ya wuce kimanin digiri 100. Makamashin yana tafiya ne wajen mayar da ruwa tururi. Haka randa take sanyaya ruwa: kowane giram da ya tsattsafo ta jikin yumɓu ya bi iska yana ɗauke kusan jul 2,400. A ganina, a bar wa makamashin sunan "zafi", a kira ɗayan "matakin zafi".

Kalmar entirofi, wadda Rudolf Clausius ya ƙirƙira a 1865, ta fi wuya. Masu fassara ta da "hargitsi" sun ɗora mata ma'anar rigima, alhali abin nufi shi ne bazuwar makamashi, kuma ana ƙididdige ta. A masana'antar siminti ta Kalambaina ana gasa dutsen farar ƙasa har ya saki iskar kabon. Kowane mol na dutsen yana buƙatar kilojul 178, bazuwar da fitar iskar ke haifarwa kuma ta kai kimanin jul 160 a kowane kelbin. Bisa ƙa'idar Gibbs, sai a raba na farko da na biyu, a samu kusan kelbin 1,110, wato wajen digiri 840. Shi ya sa ranar bazarar Sakkwato, da takan haura digiri 40, ba ta taɓa rushe dutsen ba. Ɗalibin da aka ce wa "hargitsi" zai iya haddace wannan lissafi ya ci jarrabawa, amma da wuya ya gane dalilin da ya sa fitar iska take rinjayar kilojul 178 in murhu ya kai wannan mataki.