Ɗaukaka Ƙara Kan Ɗaurin Sata Da Cin Amana: Ina Ribar, Ina Hasarar?

A kowace ranar aiki, tun daga Sakkwato har Kalaba, kotuna suna ɗaure mutane saboda laifuffukan da suka shafi dukiya, watau sata, da fasa gida, da cin amana, da zamba, da karɓar kayan sata. Idan alƙali ya gama karanta hukunci yakan ƙara da cewa wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara cikin kwana kaza. Sau da yawa wannan magana ta ƙarshe ba ta shiga kunnen kowa, domin wanda aka ɗaure hankalinsa ya riga ya tashi, danginsa kuwa suna can bakin kotu suna kuka. Kafin a farga kwanakin sun ƙare. Alhali kuwa a cikin 'yan kwanakin nan ne ake yanke shawarar da za ta iya rage wa mutum shekaru a gidan yari, ko ta ƙara masa, ko ta sauya ranar da zai cancanci saki kafin cikar wa'adinsa.

Abin da doka ta tanada

A jihohin Arewa da Abuja tushen hukunci shi ne kundin Final Kod, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, ko da yake wasu jihohi sun yi wa nasu gyara daga baya. A ainihin kundin, sashe na 287 ya ce ana iya ɗaure ɓarawo har shekara 5, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyu. Wanda ya yi sata a gidan da mutane ke zaune, da akawu ko bara wanda ya saci dukiyar ubangidansa, nasu ya kai shekara 7. Cin amana ma shekara 7 ne, amma idan ma'aikacin gwamnati ne ya ci amanar dukiyar da aka danƙa masa, sashe na 315 ya kai abin har shekara 14. Mai karɓar kayan sata yana sane, shi ma shekara 14 ne iyakarsa. A Kudu kuwa, inda kundin Kirminal Kod yake tushe, hukuncin sata zalla shekara 3 ne, sai dai in akwai wani abin da ya ƙara mata nauyi.

Waɗannan shekaru iyaka ce wadda alƙali ba zai wuce ba, kuma yana da ikon yin ƙasa da ita gwargwadon abin da ya gani a shari'ar. A nan ne ƙofar ɗaukaka ƙara take. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, wadda ke aiki a kotunan tarayya da na Abuja, ta faɗa a sashe na 416 cewa kada a yanke wa mai laifin farko hukunci mafi tsanani, kuma a lissafa zaman da mutum ya yi a tsare yana jiran shari'a. Wannan batu na biyu babba ne ƙwarai, ganin cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a ne. Jihohi ma sun yi nasu dokokin bisa wannan tsari, tare da 'yan bambance-bambance.

Ƙara iri biyu, da ƙayyadaddun kwanaki

Ya kamata mai karatu ya rarrabe abu biyu. Akwai wanda ke cewa sam bai aikata laifin ba, yana neman a wanke shi. Akwai kuma wanda ya yarda an same shi da laifi, amma yana kukan cewa hukuncin ya yi yawa. Ko mutumin da ya amsa laifinsa da bakinsa yana iya kai irin wannan kuka na biyu.

Daga kotun majistare zuwa Babbar Kotu, kwana 30 ne aka saba bayarwa. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90 ne. Daga nan zuwa Kotun Ƙoli kuma a koma kwana 30. Wanda ke tsare yana iya miƙa takardarsa ta hannun shugaban gidan yarin da yake. In lokaci ya ƙure, ana iya roƙon kotu ta ƙara, amma sai an kawo dalili mai ƙarfi na jinkirin, an kuma nuna cewa ƙarar tana da ƙafar tsayawa. Saboda haka abu na farko da dangi za su yi shi ne neman kwafin hukuncin daga magatakardan kotu tun a makon farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi.

Kotun sama ba ta taɓa hukunci don kawai ita da za ta yanke wani abu dabam. Sai an nuna mata cewa alƙalin farko ya kauce wa ƙa'ida, ko kuwa hukuncin ya yi tsananin da kowane mai hankali zai gani. Misali, ya wuce iyakar da doka ta sa, ko ya ƙi duba cewa laifin farko ne, ko bai lissafa zaman jiran shari'a ba, ko bai kula da cewa an mayar wa mai kaya kayansa ba. Haka nan idan laifuffuka biyu sun fito daga aiki guda, kamar fasa gida da satar da aka yi a cikinsa, lauya yana iya roƙon a bar ɗaurin biyu su tafi tare maimakon ɗaya ya bi bayan ɗaya. Wanda aka yanke wa shekara 3 da shekara 2, in a jere ne shekara 5 zai yi, in kuwa a haɗe ne shekara 3.

Darasi daga shari'un manya

Shari'un tsofaffin gwamnoni biyu sun nuna yadda abin yake aiki. A 2018 Babbar Kotun Abuja ta ɗaure Jolly Nyame na Taraba da Joshua Dariye na Filato shekara 14 kowannensu saboda cin amanar dukiyar jama'a. A watan Nuwamba na shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage wa Dariye zuwa shekara 10, ta rage wa Nyame zuwa 12, bisa hujjar cewa masu laifin farko ne, bai kamata a ba su iyakar hukunci ba. Amma fa kotun ta ɗora wa Nyame tarar miliyoyin naira wadda kotun farko ba ta sa ba. Sai a 2020 Kotun Ƙoli ta soke tarar, ta tabbatar da shekara 12 ɗin. Hujjar da ta amfani waɗannan manya, ita ce dai ke hannun talakan da aka ɗaure kan satar akuya ko babur, in ya sami mai faɗa masa cikin lokaci.

Ɗaya gefen kuma shi ne shari'ar John Yakubu Yusuf, jami'in ofishin fanshon 'yan sanda. A 2013 kotu ta yanke masa shekara 2 ko tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida, ƙasa ta ɗauki surutu. Hukumar EFCC ta ɗaukaka ƙara, a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara 6 da biyan naira biliyan 22.9, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da haka a 2022. Ashe masu gabatar da ƙara ma suna da damar kai kuka in sun ga an yi sassauci da yawa. Bugu da ƙari, dokar da ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba ta ikon sauya hukunci da wanda ya fi shi sauƙi ko wanda ya fi shi tsanani. Wanda alƙali ya riga ya tausaya wa, sai ya yi tunani sosai, kada garin neman ƙiba a samo rama.

Hanyoyi uku na fita kafin wa'adi

Jama'a sukan haɗa abubuwa uku su kira su afuwa, alhali kowanne da hanyarsa. Na farko shi ne rangwame, watau rage kashi ɗaya cikin uku na ɗauri ga fursunan da ya nuna ladabi da himmar aiki. Shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata 8 ce. Ma'aikatan gidan yari ne ke lissafa shi, kuma fursuna yana iya rasa wani ɓangare nasa in ya karya doka a ciki. Na biyu shi ne afuwa ta ainihi, wadda tsarin mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa a sashe na 175, ya ba gwamnoni a sashe na 212. Ta wannan hanya ce Dariye da Nyame suka fita daga Kuje a 2022.

Na uku shi ne sakin talala, kuma shi ne baƙo a tsarinmu. Sashe na 468 na dokar 2015 ya ce idan shugaban gidajen yari na ƙasa ya kai wa kotu rahoto cewa fursuna yana da halin kirki, kuma ya yi aƙalla kashi ɗaya cikin uku na ɗaurinsa, inda ɗaurin ya kai shekara 15 ko fiye, ko na rai da rai, to kotu tana iya dakatar da sauran wa'adin ta sake shi, da sharuɗɗa ko babu, bayan ta saurari masu gabatar da ƙara da shi fursunan ko lauyansa. Wanda aka saka ta haka sai ya shiga shirin gyaran hali. A 2019 aka yi dokar da ta mayar da Hukumar Gidajen Yari zuwa Hukumar Gyaran Hali, ta kafa mata sashen hukuncin da ba na tsarewa ba, wanda ke kula da sakin talala, da aikin gayya na al'umma, da sasanta mai laifi da wanda aka cuta.

Inda lissafin yake

To, ga inda ɗaukaka ƙara take haɗuwa da sakin talala. Mun ga cewa yawancin laifuffukan dukiya iyakarsu shekara 5 ce, ko 7, ko 14. Ke nan a ƙarƙashin dokar tarayya, ɓarawon da aka ɗaure shekara 4 ba ya cikin lissafin sakin talala tun farko. Abin da ke gabansa rangwame ne, kuma kowace shekara 3 da kotun sama ta rage masa tana nufin shekara 2 na ainihin zama. Waɗanda sakin talala ya fi shafa su ne masu dogon ɗauri, kamar mai fashi ba da makami ba, wanda dokar fashi ta tarayya ta sa masa aƙalla shekara 21, da mai zambar nan da ake kira 419, wanda dokar 2006 ta sa masa tsakanin shekara 7 da 20. A irin waɗannan laifuffuka kotun sama ba ta da ikon yin ƙasa da mafi ƙarancin abin da doka ta ƙayyade.

A ɗauki mutumin da aka ɗaure shekara 15 saboda zamba. Da rangwame zai fita bayan shekara 10, kuma bayan shekara 5 ana iya duba shi don sakin talala. In ya ɗaukaka ƙara aka rage masa zuwa shekara 12, da rangwame zai fita bayan shekara 8, amma ya faɗo ƙasa da shekara 15 ɗin da sashe na 468 ya ambata. Ya sami ragin shekara 2 a hannu, ya kuma rasa damar da za ta iya fitar da shi a shekara ta 5. Sai dai a tuna cewa sakin talala ba haƙƙi ba ne da fursuna zai nema da kansa: sai hukuma ta ga dama ta rubuta rahoto, sai kuma kotu ta yarda. Rangwame ya fi kusa da tabbas. Wannan awo ne da ya wajaba lauya ya zauna ya yi da mai ƙara tun kafin a shigar da takarda, ya kuma duba abin da dokar jihar da aka yi shari'ar ta ce.

Beli da tafiyar kwanaki

Shigar da ƙara ba ya tsayar da hukunci. Mutum yana nan a tsare, kwanakinsa suna tafiya, rangwamensa yana taruwa. Beli bayan hukunci kuwa ba shi da sauƙi irin na kafin hukunci, domin kotu ta riga ta same shi da laifi. Ana bayarwa ne a hali na musamman, kamar ciwo mai tsanani wanda asibitin gidan yari ba zai iya da shi ba, ko kuwa in ɗaurin gajere ne har ana tsoron zai ƙare kafin a saurari ƙarar. Wanda ya sami belin ya sani cewa kwanakin da ya yi a gida ba sa shiga lissafi. In ƙarar ta faɗi, zai koma ya ɗora daga inda ya tsaya, ranar fitarsa kuma ta ja baya daidai da zaman da ya yi a waje.

Ga masu gajeren ɗauri, wani lokaci abin da ya fi amfani shi ne roƙon kotun sama ta ba da zaɓin tara, ko ta mayar da ɗaurin aikin al'umma. Sashe na 460 ya yarda da aikin al'umma ga laifin da hukuncinsa bai wuce shekara 3 ba, muddin ba a yi amfani da makami ba. Tarar ma sai a nemi wadda mutum zai iya biya. A ƙarshen 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta shirya sakin fursunoni 4,068 waɗanda rashin kuɗin tara ne kaɗai ya riƙe su, bayan an tara naira miliyan 585 daga masu taimako.

Haƙƙin mai kaya

Kada a manta da wanda aka yi wa ta'asar. Manomin da aka kore wa shanu, da 'yar kasuwar da yaron shagonta ya gudu da jarinta, ɗaurin shekara goma ba ya mayar musu da ko sisi. Dokar 2015 ta ba kotu ikon sa mai laifi ya mayar da kaya ko ya biya diyya. Dangin da suka yi ƙoƙarin mayar wa mai kaya haƙƙinsa sun sauke nauyin da ke tsakaninsu da Allah, sun kuma ba lauya hujjar da kotun sama za ta saurara, wadda har ila yau za ta yi amfani ranar da hukuma za ta rubuta rahoton halin fursuna.

Kiranmu ga hukumomi shi ne su sa ma'aikatan jin daɗin fursunoni su riƙa bayyana wa kowane sabon ɗaurarre kwanakin ɗaukaka ƙararsa da ranar fitarsa, cikin harshen da yake ji, tun ranar da aka kawo shi. Majalisun dokoki kuma su sake duba iyakar nan ta shekara 15, domin masu ƙananan laifuffukan dukiya su ne suka fi saurin gyaruwa, su ne kuma sakin talala bai kai gare su ba.