Wa Ke Duba Aikin Mai Wayarin? Shiri Na Musamman Daga Garwa

Shirinmu na yau daga Garwa yake zuwa muku, a bakin kogin Binuwai, kuma zancen wutar lantarki ne. Kada hankali ya tafi ga ɗaukewa da kawowa, wannan kukan kowa ya san shi. Wutar da ta riga ta shigo gida ake magana, wadda ke kwance cikin bango da saman silin, kusa da inda yara ke barci.

Yawancin wutar arewacin Kamaru daga madatsar ruwa ta Lagdo take tasowa, wadda 'yan Sin suka gina tsakanin 1977 da 1982, da injuna huɗu masu ƙarfin megawat 72 a haɗe. A 'yan shekarun nan an ƙara mata tashoshin hasken rana a Gider da Marwa. Daga can wutar ke bin manyan wayoyi har ta iso Yelwa ko Lopere ko Rumde Ajiya, ta tsaya a mita da disjonktar, wato makatsin wuta, waɗanda kamfanin wuta ya kafa. Iyakar kamfani ke nan. Abin da ya wuce mita, volt 220 ne a hannun maigida da wanda maigida ya ɗauko ya ja masa waya.

To ga yadda aka saba gamawa. Mai wayarin ya ɗaure wayarsa ta ƙarshe, ya zura tasta a soket, ɗan jan haske ya bayyana. Ya danna makunni, kwai ya kama, fanka ta juya. Maigida ya ce madalla, a biya ragowar kuɗi, a yi sallama. Sai dai kwan nan zai kama ko da babu wayar ƙasa a gidan gaba ɗaya. Zai kama ko an juya wayar wuta da ta komawa. Zai kama ko ƙusa ta huda rigar waya a cikin bango, ko an sa siririyar waya inda ake bukatar mai kauri. Kamawar kwai shaida ce cewa wuta ta iso, ba ta faɗin komai a kan lafiyar hanyar da ta biyo.

Shi ya sa ƙasashe suka raba aikin gida biyu, mai haɗawa daban, mai dubawa daban. Garwa garin shanu ne, kowa ya san mahauci komai gwanintarsa ba shi ke buga wa namansa hatimi a mayanka ba, sai malamin dabbobi ya zo ya duba.

A takarda, Kamaru ta yarda da wannan rabo. Dokar wutar lantarki ta 14 ga Disamba 2011 ta tanadi a riƙa binciken wayarin na cikin gidaje da kayan wuta, a tabbatar sun dace da ƙa'ida, kuma gwamnati ce ke yin binciken ko kamfanonin da ta ba izini. Akwai ARSEL mai sa ido a kan harkar wuta, akwai ANOR mai kula da ƙa'idojin inganci. Ƙa'idar wayarin kuwa an ɗauko tushenta daga ta Faransa, wadda ma'aikatan wuta ke kira C 15-100. A Faransa kanta, tun 1972 sabon gida ba ya samun wuta sai da takardar shaidar wata hukuma mai suna Consuel. A ƙetaren iyaka, a Yola da Mubi, hukumar NEMSA ce doka ta ɗora wa gwajin kayan wuta da ba masu wayarin shaidar ƙwarewa tun 2015. Dokoki dai ga su nan reras. Ko sun taɓa leƙa ɗakin haya a Jambutu, mai sauraro ya fi kowa sani.

Mu zo ga takardu. Matakin farko a Kamaru shi ne CAP na aikin wuta, bayan shekara huɗu a makarantar fasaha irin su CETIC. Wanda ya ci gaba a lise teknik, kamar ta nan Garwa, sai ya bi sashen F3, ya yi probatuwar, ya yi bakaloreya. Daga nan BTS ko DUT, shekara biyu, a wurare irin su IUT ta Ngaundere. A sama kuma injiniyoyi, daga ENSAI ta Ngaundere ko makarantar politeknik ta jami'ar Marwa, su ma da ƙungiyarsu ta ƙasa, ONIGE. Ma'aikatar koyon sana'a tana da nata cibiyoyin da nata takardun.

Amma a gaskiya da yawan hannayen da suka ja wayar gidajen arewa ba su bi ta nan ba. A gaban maigida suka koya, daga riƙe tsani da fasa bango, har wata rana a ce ɗauki filaya. Cikinsu akwai gwanayen da aikinsu ya fi na mai difloma tsabta, wannan ba abin musu ba ne. Abin da koyon gaban maigida bai cika bayarwa ba shi ne awo, domin maigidan ma sau da yawa ba shi da na'urar.

Kuma ko mai CAP, ko mai BTS, takardarsa cewa take ya iya haɗawa. Mai dubawa yana bukatar ƙari. Sai ya san ƙa'idar sosai, ya iya buɗe littafin ya nuna layin da aka saɓa. Sai ya yi shekaru yana aikin da hannunsa, don ya san inda ake ɓoye ha'inci, wane akwati ake cusa haɗin da aka naɗe da salatif kawai. Sai yana da na'urorin awo waɗanda ake kai su ana daidaita su lokaci lokaci, domin na'urar da ta karkace ƙarya za ta yi masa da lambobi masu kyau. A tsarin Faransa, wanda manyan kamfanoni a Kamaru ke koyi da shi, akwai kuma izinin kusantar wuta da shugaban ma'aikaci ke sa wa hannu bayan horo, a sabunta shi kamar duk shekara uku, kuma izinin mai awo daban yake da na mai haɗawa. Sannan sharaɗin da ya fi wuya a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne: kada ya zama shi ya yi aikin, kada kuma abincinsa ya rataya a hannun wanda ya yi.

To me yake aunawa? Da farko ido ne, wuta a kashe. Kaurin waya: mai milimita 1.5 ta fitilu ce, mai 2.5 ta soket. Launi: kore da rawaya ta ƙasa, shuɗiya ta komawa. Yana iya kankare bakin waya ya gani ko jan ƙarfe ne har ciki, domin kasuwa cike take da wayar alminiyom da aka yi wa fenti da jan ƙarfe a sama. Sannan ya bi wayar ƙasa soket bayan soket, ya tabbatar ba ta yanke a hanya ba.

Sai na'urar da ma'aikata ke kira mega. Asalinta wani Bature ne ɗan Ingila, Sydney Evershed, ya ƙera ta a ƙarshen ƙarni na 19, akwatin katako da hannu a gefe, ana juyawa tana haifar da wutarta. Ta yau da batir take aiki, amma dabarar ba ta canja ba. A cire duk kayan gida, a tura volt 500 cikin wayoyin, fiye da ninki biyu na abin da suka saba ɗauka, a ga ko rigarsu tana yoyo. Wayar da ɓera ya ɗanɗana a silin, ko wadda birkila ya murƙushe da siminti, a nan take tona kanta, tun shekaru kafin ta yi baƙi ta fara wari.

Yanzu ga wurin da Garwa ta bambanta da littafi, kuma a nan ne ake gane mai dubawa na gaske. Jadawalin da ke faɗin nauyin da waya za ta iya ɗauka an lissafa shi ne a kan zafin iska digiri 30. A Garwa, cikin Maris da Afrilu, inuwa ma tana haura 40. Tsakanin kwanon rufi da silin kuwa, inda wayoyin suke kwance, abin ya wuce haka nesa. Ƙa'idar da kanta ta ce a rage: a digiri 40, waya mai rigar roba kashi 87 cikin ɗari na ƙarfinta ya rage, a digiri 50 kuma kashi 71. A saurari lissafin da kyau. Waya mai 2.5 cikin bututu tana ɗaukar kimanin amfiya 24 a digiri 30. A digiri 50 ta koma 17. Disjonktar ɗin da aka saba sa mata kuwa na amfiya 20 ne. Ke nan firji da na'urar sanyaya ɗaki da dutsen guga za su iya dafa wayar a hankali, shi kuwa disjonktar yana zaune lafiya, a ganinsa ba a kai iyaka ba. Kuma a watan da zafi ya fi tsanani, a watan ne kowa ke kunna duk abin da ya mallaka.

Haka zancen turken ƙasa, ƙarfen nan da ake kafawa a tsakar gida don wutar da ta ɓalle ta samu hanyar nutsewa. Ƙa'idar Faransa ta ce turjiyarsa kada ta wuce om 100, idan babban disjonktar na miliamfiya 500 ne, don kada jikin firji ko injin wanki ya haura volt 50. Ana auna shi da wasu turaku biyu da ake kafawa can nesa a jere. To amma turken da aka auna a Agusta, ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, ba shi ne turken Maris ba, bayan wata biyar babu ɗigon ruwa, ƙasa ta bushe ta tsage. Lambar tana iya ninkawa. Mai dubawa da ya san arewa yana rubuta watan da ya yi awo, yana neman a zurfafa turke ko a ƙara wani. Akwai kuma masu wayon zuba bokitin ruwan gishiri a gindin turke da safe kafin mai awo ya iso. Lamba za ta yi kyau ranar, gishirin kuma ya zauna yana cin ƙarfen.

Na ƙarshe cikin manyan gwaje-gwajen shi ne ɗan makatsin nan mai miliamfiya 30, wanda ke yanke wuta idan ta fara bi ta jikin mutum. Tarihinsa a nahiyar nan yake. A 1955 wani injiniya mai suna Henri Rubin ya ƙera irinsa a Afirka ta Kudu saboda ma'aikatan ramukan zinariya. Da wuta ta kashe wata mata a gidanta a garin ma'adinai na Stilfontein, sai aka sa ɗaruruwan na'urar a gidajen garin a 1957 da 1958. Miliamfiya 30 ɗin nan, a ji ƙanƙantarsa, kusan abin da ƙaramin kwan LED mai wat 7 ke sha ne, amma idan ya daɗe yana ratsa ƙirji yana iya rikita bugun zuciya. Na'urar tana da maɓallin gwaji a gabanta, kowa na iya dannawa, kuma ya kamata a riƙa dannawa. Maɓallin dai cewa yake tana motsi. Mai dubawa shi ke auna a wane ƙarfi ta yanke, cikin wane ɗan lokaci, wanda bai kamata ya kai sulusin daƙiƙa ba.

Lokaci yana neman ƙure mana, ga janareta da sola ba mu taɓa ba, alhali gidaje da yawa a Garwa da Marwa da Kuseri yanzu hanyar wuta biyu ko uku gare su. Abu guda a kai: idan babu makunnin da ke raba wutar janareta da ta kamfani, wutar gidan tana iya komawa kan layi ta sami ma'aikacin da ke saman turke yana zaton layin a kashe yake. Wannan ma aikin mai dubawa ne.

Ga maigida ko uwargida da ke shirin tarewa, ko mai karɓar haya, tambayoyin ba su da yawa. Malam, ina ka yi karatu ko a gaban wa ka koya? Wace na'ura ka zo da ita ban da tasta? Kai ka ja wayar ko wani? Sannan a nemi takarda mai kwanan wata da sa hannu, wadda aka rubuta lambobin awo a ciki, ta turken ƙasa, ta mega, ta makatsin miliamfiya 30, a ajiye ta tare da takardun fili. Idan an yi awon da damina, a sake kiran sa kafin ruwan farko ya sauka.