Tsofaffin Wasannin Zelda Guda 6: Wanne Ya Fi, Kuma da Wanne Ya Kamata a Fara?

A Zuru, kamar sauran garuruwan Arewa, yawancin matasa sun san gem ne ta hanyar ƙwallo a gidajen gem, ko wasannin harbi irin su Free Fire da PUBG masu cinye data da batir. To amma akwai wasu tsofaffin wasanni na kamfanin Nintendo na ƙasar Japan, wato jerin The Legend of Zelda, waɗanda ba sa buƙatar intanet ko waya mai tsada. A cikinsu ɗan wasa yana sarrafa wani yaro mai suna Link, yana yawo da takobi da garkuwa, yana shiga koguna yana warware dabaru. Ga yadda suka jeru daga na ƙasa zuwa na sama, bisa daɗin wasa da kuma sauƙinsa ga sabon shiga.

6. Zelda II: The Adventure of Link

Ya fito a Japan a 1987. Shi ne bare a cikin dangin, domin a wurin faɗa ana kallon Link daga gefe ne kamar Super Mario. Yana da wahala ƙwarai, kuma yana buƙatar saurin hannun da allon waya ba ya bayarwa. Wanda ya fara da shi zai iya tsanar jerin gaba ɗaya.

5. The Legend of Zelda

Shi ne tushen komai. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka ne suka ƙirƙiro shi, ya fito a 1986. Girmansa kilobait 128 ne kacal, bai kai hoto ɗaya na waya ba. Matsalarsa ita ce ba ya nuna hanya: sai mutum ya yi ta ƙona bishiyoyi da fasa duwatsu da bam kafin ya gano ƙofar da aka ɓoye.

4. Oracle of Seasons da Oracle of Ages

Tagwaye ne da kamfanin Capcom ya haɗa, suka fito a 2001 a kan Game Boy Color. Seasons ya fi yawan faɗa, Ages kuwa ya fi wasa ƙwaƙwalwa. Idan aka gama ɗaya ana samun lambar sirri da za a shigar a ɗayan, sai labarin ya haɗe har zuwa ainihin ƙarshensa.

3. The Minish Cap

Ya fito a 2004 a kan Game Boy Advance, kuma ya fi sauran kyan zane. Link yana sanye da wata hula mai magana, Ezlo, yana kuma ƙanƙancewa har ya koma kamar tururuwa. Daraktansa, Hidemaro Fujibayashi, shi ne ya jagoranci Breath of the Wild a 2017. Bai da tsawo sosai, kuma yana yi wa sabon ɗan wasa jagora.

2. Link's Awakening

An yi shi a 1993 domin Game Boy, sannan aka sake fitar da shi da launi a 1998. Link ya farka a tsibirin Koholint, kuma labarin yana taɓa zuciya fiye da yadda ake zato. Tunda maɓallai biyu ne na aiki, A da B, ya fi kowanne zama daidai a allon waya, sai dai yawan buɗe jakar kaya don sauya makami yana gajiyarwa.

1. A Link to the Past

Wannan na 1991 ne, a kan Super Nintendo. Yana da duniya biyu, mai haske da mai duhu, kuma abin da aka yi a ɗaya yana buɗe hanya a ɗayar. A nan ne takobin Master Sword ya fara bayyana. Duk wannan a cikin megabait 1. Shi ne ya kafa tsarin da wasannin baya suka bi, shi ya sa ya zo na ɗaya.

Abin lura kafin saukewa

Nintendo bai taɓa fitar da waɗannan wasanni a Android ko iPhone ba. Don haka duk manhajar da ta ce ita ce Zelda ta asali, musamman idan ta nemi izinin karanta saƙonni ko lambobin waya, abar gudu ce, domin ta irin wannan hanya ake satar bayanan banki. Halastacciyar hanyar buga su ita ce tsarin biyan kuɗi na Nintendo Switch Online. Manhajojin kwaikwayon na'ura irin su RetroArch da Delta suna iya kunna su a waya, amma sauke fayil ɗin wasan daga shafukan da ba su da izini keta haƙƙin mallaka ne.

Wanda bai taɓa bugawa ba, ya fara da The Minish Cap ko Link's Awakening. Idan hannu ya faɗa, sai ya wuce zuwa A Link to the Past.