Amanar Babban Manaja da Dukiyar Masu Hannun Jari: Misalin Kamfanin CannTrust na Kanada

Wanda ya sayi hannun jari a kamfani ya mallaki wani yanki na dukiyar da ba ta hannunsa. Ba ya shiga ma'aji, ba ya duba littafin ciniki, sau da yawa ma bai taɓa ganin ƙofar kamfanin ba. Abin da yake gani shi ne rahoton da babban manaja ya sa wa hannu, wanda hukumar darektoci ta amince da shi, masu binciken kuɗi kuma suka buga masa hatimi. Watau jarinsa ya rataya ne a kan maganar wasu mutane ƙalilan, babban manaja kuwa shi ne kan gaba a cikinsu.

Wannan haka yake a kowane irin kamfani, amma ya fi tsanani a kamfanin tabar wiwi. A ƙasashe da yawa, har da Nijeriya, noman wiwi laifi ne. Kanada kuwa ta halatta ta don magani tun 2001, sa'an nan a ranar 17 ga Oktoba, 2018, ta halatta wa manya shanta, ta zama ƙasa ta biyu da ta yi haka bayan Yurugwai. Halaccin nan da sharaɗi ya zo: ba mai noma ko sarrafawa don kasuwanci sai da lasin Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar. Saboda haka babbar kadarar irin wannan kamfani ba gonarsa ba ce, ba injinansa ba ne. Takardar izni ce. Buhun masara da aka noma ba bisa ƙa'ida ba yana nan masara, yana da kuɗinsa a kasuwa. Wiwi da aka noma ba da izni ba kuwa ta koma haramtaccen kaya, wanda ba ya sayuwa sai dai a hallaka shi.

Har ila yau akwai abin da ke ingiza manajoji su yi gaggawa. A watannin farko na halaccin, kaya sun yi ƙaranci a shaguna, masu zuba jari kuma suna auna darajar kamfani da yawan abin da zai iya nomawa nan gaba, ba da ribar da ya samu ba. Manajan da ya tsaya jiran takarda yana kallon abokan gasarsa suna wuce shi.

A cikin wannan hali ne kamfanin CannTrust na lardin Ontariyo ya naɗa Peter Aceto babban manaja a Oktoba 2018. Tsohon shugaban bankin Tangerine ne, kuma sunan da ya yi a aikin banki na cikin abin da ya kwantar wa masu jari hankali. A Fabrairu 2019 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York, bayan ta Toronto da yake ciki, a watan Mayu kuma aka sayar wa jama'a hannayen jari na kusan dala miliyan 200 na Amurka.

Wata biyu kacal bayan haka, ranar 8 ga Yuli, kamfanin ya ba da sanarwa cewa Ma'aikatar Lafiya ta same shi da noma a ɗakuna biyar na gonarsa ta Pelham daga Oktoba 2018 zuwa Maris 2019, kafin a ba ɗakunan izni. Ma'aikatar ta hana taɓa kilo 5,200 na kaya, kamfanin da kansa ya tsare wani kilo 7,500. A ranar kaɗai farashin hannun jarin ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Da jaridar Globe and Mail ta buga labarin wasiƙun cikin gida da ke nuna cewa an sanar da shugabanni batun ɗakunan tun watanni da suka wuce, sai magana ta tashi daga kuskuren ma'aikata ta koma kan amanar shugabanci. Ranar 25 ga Yuli hukumar darektoci ta kori Aceto, ta kuma nemi shugabanta Eric Paul ya sauka. Kafin ƙarshen watan, fiye da rabin darajar hannun jarin ta zube.

Daga nan abubuwa suka bi juna. A Agusta kamfanin binciken kuɗi na KPMG ya janye rahotannin da ya sa wa hannu, domin ya gina su ne a kan bayanin da shugabanni suka ba shi. A Satumba aka dakatar da lasin. A Oktoba kamfanin ya ce zai hallaka shuka da kaya na dala miliyan 77 na Kanada. A ƙarshen Maris 2020 ya nemi kotu ta kāre shi daga masu binsa bashi, kasuwannin New York da Toronto kuma suka cire sunansa. Lalle ne a tuna cewa idan kamfani ya durƙushe, mai hannun jari shi ne na ƙarshen layi; sai an sallami masu bin bashi kafin a waiwaye shi.

Sai dai shari'ar ta ɓullo ta inda ba a zata ba. A Yuni 2021 Hukumar Kula da Hannun Jari ta Ontariyo ta tuhumi Aceto da Paul da wani tsohon darekta, Mark Litwin, da zamba da wasu laifuffuka. Da aka zo sauraron shaidu a Disamba 2022, lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka nuna cewa lasin kamfanin ya shafi gonar baki ɗayanta, bai ware ɗaki ɗaki ba. Hukumar ta yarda ba ta da hujjar da za ta ci shari'a, alƙali kuma ya wanke mutanen uku. Ba wanda ke da ikon kiran su masu laifi bayan wannan hukunci.

Wankewar dai ba ta mai da wa kowa kwabo ba. Kotu tana tambaya ne ko an karya doka, tana kuma iya ɗaukar shekara uku kafin ta amsa. Mai hannun jari tambayarsa dabam ce: shin an faɗa masa abin da shugabanni suka sani, a lokacin da suka san shi? Kasuwa kuwa a yini ɗaya take ba da tata amsar. Waɗanda suka saya a Mayu 2019 ba su ga wata magana game da ɗakunan nan biyar a takardar tallan jarin ba, a kan haka ne suka shigar da ƙarar haɗin gwiwa a Kanada da Amurka. An daidaita a 2021, kamfanin ya zuba dala miliyan 50 na Kanada a asusun biyan diyya, abin da bai kai ko kusa da hasarar ba. A 2022 ya sauya suna zuwa Phoena, a 2023 kuma ya shiga rufe harkokinsa.