Ɓauna da Bindigar da Ke Iya Mata

Mutumin Baleyara da ke son ganin ɓauna da idonsa a yau, sai ya sha tafiya. Zai ratsa Yamai, ya ƙetare kogin Isa, ya bi ta Say da Tamu har ya kai Tapowa, ƙofar gandun dajin W. Amma ƙasa ɗaya ce ta haɗa su. Kwarin Dallol Bosso, wanda ya gangaro ta Filinge da Baleyara, can yake ƙarewa a Bumba, bakin kogi, daura da wannan gandu. Noma ya cinye dajin da ke tsakani, farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa saura. Maharbin yankin na yanzu zomo yake bi, da fakara, da zabbin daji.

Bindigarsa ma ta wannan aikin ce: mai baki ɗaya, lamba 12, galibi ƙirar Baikal ta Rasha, ko kuwa ta baushe da maƙerin gari ya haɗa, ana ɗura mata albarushi ta baki. Kartush na lamba 12 cike yake da ƙananan ƙwayoyin dalma masu warwatsewa, domin su cim ma tsuntsu yana tashi. Ga fakara, madalla. Ga ɓauna kuwa, wanda ya sakar mata irin wannan ya tsokano abin da ya fi ƙarfinsa.

Dalilin yana jikinta. Ɓaunar Yammacin Afirka ba ta kai ta Tanzaniya da Afirka ta Kudu girma ba, wadda namijinta kan haura kilo 800, duk da haka babban namiji a W yakan kai kilo 500 ko fiye. Fatar da kauri, tsokar kafaɗa curarre, haƙarƙarin faffaɗa ne, kusan kowane na taɓa ɗan'uwansa. Zuciya tana ƙasa-ƙasa a ƙirji, tsakanin ƙafafun gaba. Maharbi yakan bi layin ƙafar gaba da ido, ya hau kashi ɗaya cikin uku na tsayin jiki, nan zai sa harsashi. Kafin harsashin ya isa, sai ya keta duk waɗancan. In ya tsaya a hanya, dabbar ba faɗuwa za ta yi ba. Za ta kutsa cikin gamba ko sarƙaƙiya, ta juyo ta fuskanci sawunta, ta yi tsit. Mai bin jini ne zai fara cin karo da ita, kuma sau da yawa ba shi ne ya yi harbin ba.

Saboda haka ne maƙeran Turai suka duƙufa kan wannan matsala a farkon ƙarni na 20, lokacin da 'yan mulkin mallaka suka bazu a Afirka. A 1905 Otto Bock, wani maƙerin bindiga a Berlin, ya fito da harsashin 9.3x62, wanda ke shiga bindigar Mauser mai araha, Jamusawa manoma a yankunan da suka mallaka suka rungume shi. A 1911 kamfanin Rigby na Landan ya kawo .416, mai nauyin giram 26. Shekara guda bayan nan Holland & Holland suka fitar da .375, wanda har yau shi ne ma'aunin da ake gwada saura da shi. Lambar tana nufin kaurin harsashi ne, wato kusan milimita 9.5. Nauyinsa giram 19 da ɗoriya, yana barin bakin bindiga da gudun mita 770 a daƙiƙa. Tanzaniya ta sa shi a doka: ba a tunkarar ɓauna da abin da ya gaza shi.

A ganina, mai neman bindigar ɓauna ya tsaya a kan .375 ɗin nan, kada girman lamba ya ruɗe shi. Akwai .458 na Winchester, wanda ya fito a 1956, akwai ma waɗanda suka fi shi. Sai dai gwargwadon ƙarfin harsashi, gwargwadon naushin da gindin bindiga ke kai wa kafaɗa. Mutumin da ya sha wannan naushi yakan fara runtse ido tun bai ja kunama ba, bakin bindiga ya karkace, harsashi ya sauka a tumbi. Gara .375 a ƙirji da .458 a ciki. Kuma ba nesa ake harbin ɓauna ba, yawanci tsakanin mita 30 da 70 ne, iska na kaɗowa daga wajenta, mutum yana addu'ar kada carkin da ke bayanta ya tashi ya tona shi.

Ƙirar harsashin kanta ta kai kaurinsa muhimmanci. Na farko ana son mai buɗewa a hankali bayan ya shiga, ya yi ɓarna a huhu ba tare da ya tarwatse a kan ƙashi ba. Waɗanda ke biye a cikin bindiga kuwa dunƙulallu ne da ba sa canza siffa, saboda in dabba ta juya tana gudu, ko ta taso gadan-gadan, sai harsashin da zai ratsa ta daga wannan gefe zuwa wancan.

A nan ya kamata a faɗi wata magana game da Kalashnikov, tunda ta cika yankin fiye da yadda kowa ke so. Samari na ɗauka babu abin da ke tsaya mata. Harsashinta giram 8 ne kacal, ƙarfin bugunsa kashi ɗaya cikin uku na .375. Masu farautar sata kan rufe garke da ruwan wuta, su samu ɗaya, wasu su tsere da dalma a jiki su je su ruɓe a daji.

Maharban da can ba su san lambobin nan ba, amma sun san ƙa'idar. Jean Rouch ya ɗauki shekaru yana bin maharban Gow na yankin Yatakala, a jahar Tillaberi, fim ɗinsa na farautar zaki da baka ya fito a 1965. Kibiyarsu ba ta karya ƙashi. Dafin da suke dafawa daga 'ya'yan kwankwani shi ke tsayar da zuciya, tarko kuma ya riƙe dabbar har dafin ya kama. Sun auna makami da abin da za su tara, ba sa harbi sai sun tabbata.

Dacewar bindiga kuma tana da nata sharrin. Ɓaunar Amurka, mai tozo da gashi, namijinta kan kai kilo 900, kuma a da miliyoyi ne a filayen ƙasar. A shekarun 1870 masu neman fata suka samu bindigar Sharps mai kaurin .45 da .50. Mutum zai kwanta nesa, ya ɗora bakinta a kan sanduna, ya fara kayar da uwar garke, sauran su tsaya cirko-cirko yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Fatun suka tafi masana'antu, ana yin bel ɗin injuna da su. Da William Hornaday ya yi ƙidaya a 1889, abin da ya rage bai wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba.

A Nijar, dokar 29 ga Afrilu 1998 ce ke tsara farauta, kuma ba ta yarda a ɗaga bindiga a cikin gandun W ba ko da wace lamba ce. An kafa gandun a 1954, UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, a 2017 aka haɗa shi da Arly ta Burkina Faso da Pendjari ta Benin. A gefen waɗancan biyun ne aka keɓe yankunan da baƙi kan biya kuɗi mai yawa su harbi tsohon namiji guda da rani, da lasisi da jagora. Rashin tsaro ya watsa sansanonin gabashin Burkina tun wajen 2018, kuma a Tillaberi, inda aka fara sa dokar ta-ɓaci a 2017, mutumin da aka gani da doguwar bindiga a daji sojoji zai fara yi wa bayani kafin jami'an gandun daji.